Mataccen Baturen da Ya Fi Ni Iya Ba Matata Dariya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ciwo, ya saukar da magani, ya kuma saukar da masu ba da shawara, su ne ma sunka fi yawa.

Ni ne Nomau na Babankatami, mijin Habsu. Karatuna bai yi nisa ba. Malaminmu ya ce sai ranar da na bar makarantar allo ya fara jin abin da sauran yara ke karantawa. Da ɗan ajamin da na tsira da shi nake rubuta wanga labari, don duk wanda Allah ya ɗora wa jinyar mai ciwon shawara ya san abin da zai yi, ya kuma san abin da ba zai yi ba. Na biyun ni ne gwaninsa.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne a garin, in ba haka ba ba za ku gane zafin abin ba. Ba ni da shanu, gonata tudu ce mai tsakuwa, ban gaji sarauta ba. Baki gare ni. Ranar suna ko biki in ban zo ba sai an aiko. Ina kwaikwayon tafiyar mai gari, ina yin muryar mai karɓar lanho, wato haraji, ina faɗuwa ƙasa in tashi. Da wanga baki na auri Habsu, masu raƙuma suna kallo. Ita kuwa in dariya ta kama ta sai ta zauna dirshan, ta riƙe ciki, tana dukan ƙasa da tafin hannu. Tun muna matasa har munka aurar da 'ya'ya na ɗauka wagga dariya tawa ce, kamar yadda wandona yake nawa.

Ciwon ya fara da kaka, muna yankan gero, a shekarun da yaƙin Turawa ya fara taɓo mu. Zazzaɓi ne da fari, munka ce gajiyar gona ce. Kafin kasuwa ta zagayo idanunta sun koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi ja, ko ƙamshin man shanu ta ji sai amai. Wanda ya ga wagga alama ga nasa kada ya tsaya cewa gajiya ce.

Nan da nan gida ya cika. Wani ya kawo saiwar rawaya, wani sassaƙen marke, wata ta ce iska ce ta gamu da ita bakin rijiya. Malamin unguwarmu ya yi rubutu, munka wanke ta sha, Allah ya saka masa, ko ƙwayar gero bai karɓa ba. Gwaggonta, wadda ta raine ta, ni kuma nake ce wa Inna, ta tare gidanmu da tabarmarta. Inna tana salla, amma ubanta shi ke yanka a gindin dutsen garinsu, kuma ba ta manta hanyar dutsen ba. Jan zakarana can ya tafi. Masu dubiya kuwa kowa ya zauna sai ya tuno wani nasa da ya fara da irin waɗanga idanu, ya faɗi yadda anka yi jana'izarsa, sannan ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya ci goro ya tashi.

Da na ga kasuwa ta sake zagayowa ba sauƙi, na sai da akuya, na ari raƙumin wani Buzu abokina, na kai ta likita a Madawa. Mun tarar da layi tun daga ƙofa har gindin itacen bedi: masu kurkunu, masu tari, mata da jarirai. Rana ta tsaya a ka kafin a zo kanmu. Lokotoron, wato mai duba marasa lafiya, baƙi ne, mutumin ƙasashen teku, Hausarsa ta kasuwa. Ya ja fatar idonta ya duba, ya danna cikinta, ya ba mu wani farin gari mai ɗaci. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Fo manje! Ka ji? Magani ƙarami. Abinci babba. Ba ci, ba mata."

Wannan fo manje, wato dole ta ci, ita ce Faransancin da na iya har yau, kuma gaskiya ya faɗa. Zazzaɓin ya sauka, amma Habsu ta ƙi abinci ƙememe. Kunu, fura, tuwo mai laushi, sai ta kalla ta juya fuska bango. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Matata tana narkewa gabana, ba ciwon da zan nuna in ce ga shi.

Na ce to, ga ranar bakina. Na yi mata mai gari. Na yi mata mai karɓar lanho. Na yi lokotoron Madawa da yatsarsa, na faɗi ƙasa na tashi. Ta dube ni kamar mai kallon garka.

"Maigida, ka zauna. Kana ta da ƙura."

A cikin haka ƙanenta Isuhu ya iso. Tun yana yaro wani kawunsu ya tafi da shi Sakkwato, ya yi boko na Ingilishi, ya zama akawu a wani kanti. Ƙanen mata abokin wasa ne, don haka tun daga zaure na tare shi.

"A'a, Akawu! An zo ƙirga mana kaji?"

"Tsoho, kajin da Inna ta bari? Ina Yaya?"

Da ya ga yadda ta koma, wasa ya fita bakinsa. Ya zauna kusa da ita har la'asar. Inna na gefe tana ba shi labarin wata jikar maƙwabta da ciwon ya ɗauka. Sai ya buɗe jakarsa ya fiddo wani littafi mai jan bango, wanda Baturen kantinsu ya bar masa da zai koma gida.

"Yaya, akwai wani mutumin Ingila, ya mutu tun kakanninmu ba su yi wayo ba. Shi ma ya taɓa kwanciya ciwo, ya yi waƙa yana gode wa masu dubiya. In juya miki?"

Bai jira amsa ba. Ya fara karanta baiti da harshensu don mu ji tafiyarsa. Ban gane ko kalma ba, amma ƙarshen layukan na faɗuwa daidai kamar waƙar malamai, ka ce awaki ne ke sauka kan dutse. Sannan ya juya. Wai mutumin yana gode wa maƙwabciyarsa da ta bar aikinta ta zo musamman don ta sanar da shi mijinta ma haka ya fara. Yana gode wa amininsa da ya zauna yana auna tsawonsa da ido. Ya ce ba don irin waɗannan masoya ba, da sai mutum ya mutu cikin jahilci, yana zaton sauƙi yake samu.

Inna ta gyaɗa kai. "Allah sarki. Kafiri ne, amma ya san zumunci."

Sai na ji wani ɗan sauti daga shimfiɗa. Na zaci shaƙuwa ce. Habsu ce ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa.

Na yi hamdala, Allah shaida ne. Amma hamdalar ba ta gama fita ba kishi ya taso mini. Ni na yi ta birgima cikin ƙasa kamar jaki ban samu ko murmushi ba, ga wani ƙato da ya riga ya zama ƙasa, a wata ƙasa, ya samu da baiti ɗaya.

Isuhu mai wayo ne. Washegari ya zo da ƙwaryar kunu a hannu ɗaya, littafi a ɗaya.

"Yaya, ludayi ɗaya, shafi ɗaya. Ba bashi."

Haka sunka shiga wani dogon labari na Sarkin Gada. Wai an naɗa wani mutum ya tsare gada, anka ba shi hula mai tambari. Sai kogin ya sauya hanya, kamar yadda koramarmu ke yi, gada ta rage tsaye kan ciyawa. Mutumin bai fasa ba. Da safe ya sa hula ya buɗe ƙofar gada, da yamma ya rufe, mutane na wucewa ta ƙarƙashi da tumakinsu suna gaishe shi. Har ya aika babban birni a ƙaro masa mataimaki, aiki ya yi yawa. Ga kuma mata biyu, kowace na son ba shi ɗiyarta saboda hular.

Kowace la'asar ana wanga karatu, ni kuwa na ce ba ni da lokacin tatsuniya. Sai dai zanar da ke bayan ɗakin Habsu ta lalace a daidai wannan lokaci, na yi ta gyaranta har ta fi ta gidan mai gari kyau. Daga nan nake jin komai. Abin da ya fi ba ni haushi, mai littafin ya iya. Ni in zan ba da dariya sai na murguɗa baki, na canza murya, na nuna wa mutane inda za su yi dariya. Shi ko sau ɗaya bai ce Sarkin Gada wawa ne ba. Yabonsa yake yi, yana ce masa bawan Allah mai himma, yana yabo yana yabo har ka ga mutum tsirara da hularsa. Kuma in ka gama dariya sai ka ji tausayinsa, ka tuna kai ma akwai gadar da kake tsaro. Rannan dariya ta kuɓuce mini, na mai da ita tari.

"Tsoho," in ji Isuhu ta cikin zana, "shigo a ba ka naka ludayin."

"Ƙaiƙayi ne ya shaƙe ni."

Da ya fito na ja shi gefe. "Akawu, wanga mutum naka, yana da mata?"

"Ya mutu, Tsoho."

"Na sani. Da yana da rai fa?"

Ya buɗe farkon littafin ya nuna mini hotonsa. Dogon hanci, gashi kamar na tunkiyar Buzaye, leɓe a matse kamar ya san wani abu game da kai. Da mutumin Deule ne, nan maƙwabtanmu, da na same shi kasuwa mun yi ta ta ƙare. Wanga kuwa ba ya kokawa, ba a kai shi ƙara, ba ya tsufa, kuma kullum la'asar yana ɗakin matata da iznina.

Amma tana ci. Daga kunu ta koma fura, har ta fara taɓa tuwo. Idanun sunka fara washewa. Na riƙa haɗiye haushina tare da godiya, duka a loma ɗaya.

Sai labari ya zo Faransa na rufe iyaka da ƙasar Ingilishi, wanda ke wancan gefe ya zauna can. Iyalin Isuhu na Sakkwato, dole ya tafi kafin hanya ta toshe. A lokacin labarin Sarkin Gada ya kai inda hadari ya haɗu, ana raɗe-raɗin kogi zai dawo, Sarkin Gada kuwa bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na tulu ba. Isuhu ya sa tsinke a wurin ya rufe.

"Riƙe mini, Yaya. In na dawo mu ƙarasa."

Bai dawo ba. Hanya ta rufe, gumiye, dogaran Faransa, na yawo kan raƙuma suna neman kayan Ingilishi, na ɓoye littafin cikin rumbu. Habsu ta jira kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa. Sannan ta fara barin rabin fura, ta koma barin duka, ta sake juya fuska bango. Ku masu jinya ku kula da wanga: mai shawara in ya fara ci ba a cewa an gama. Komawar ta fi farkon ban tsoro, don babu sauran naman da ciwo zai ci.

Inna ce ta kira ni bayan rumbu.

"Nomau, kai ba ka da tunani? Mi ya tashe ta?"

"Labarin Bature, Inna."

"Labari! Kai ba labari kake ba ta ba tun tana budurwa? Asiri ne cikin takardar. Yaron nan yana karantawa yana tofa mata ba ku lura ba. Tunda babu mai karantawa, a wanke mata ta sha."

Wallahi ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamar wagga ba. In asiri ne, ashe mutumin bai fi ni baki ba, tawada ya fi ni. Na je wurin malam, ya ce, "Nomau, ayar Allah ake wankewa. Wagga tatsuniyar Nasara ce, ka bar ta." Na ce to. Na dawo gida na ɗauko ƙwarya.

Har hankali na sa a aikin. Na ce shafukan da anka riga anka karanta an sha ƙarfinsu, kamar sassaƙen da anka dafa. Na bayan tsinke su ne sabbi. Su na yage, tun daga tsinke har bango.

Tawadar malam da ta ji ruwa take sakin allo. Ta Bature taurin kai gare ta kamar mai ita. Na cuɗa, ba ta fita ba. Na sa tsamiya, na ajiye a rana, na sake cuɗawa. Ruwa na nan fari, takarda kuwa ta zama dawo. Inna ta leƙa ta ce, "Dama shi. Haka ma ya fi shiga jiki."

Na kai wa Habsu da azahar. Ta dubi ƙwaryar. Ga ƙananan baƙaƙen boko na yawo a sama kamar tururuwa.

"Mi ne ne wanga?"

"Magani. Fo manje."

"Maigida, daga ina ka yago shi?"

"Daga bayan tsinke. Na gaban ai sun salance."

Matar da sai mun tallabe ta take juyawa, sai ga ta zaune da kanta.

"Ƙarshen ka jiƙa?"

Na dubi ƙwarya.

"Kogin ya dawo ko bai dawo ba?"

"Yana cikin ƙwarya," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, dubawar da ban taɓa gani ba tun aurenmu, ta koma ta kwanta. Ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba. Na zauna ƙofar ɗaki da ƙwarya a gabana, na san abu ɗaya da ya rage tana jira a duniya ni na dama shi da hannuna.

Da safe na shiga na durƙusa. Ba ni da komai sai bakin nan.

"Habsu, na san ƙarshen. Ai na sha kaɗan."

Ba ta juyo ba.

"Kogi ya taho da ƙarfi. Sarkin Gada ya ɗare jaki ta baya, jaki ya yi tutsu, wandonsa ya saƙale a ƙofar gada, ga surukai biyu tsaye..."

"Wanga naka ne," ta ce, fuskarta na bango. "Shi ba ya tuɓe wa mutum wando. Hula yake ƙara masa."

"To mi zai yi, tunda kin fi ni saninsa?"

Ta juyo a hankali. Sannan ta ce, "Bakina ya bushe. Miƙo kunun can. Ba wanga ba, na gero."

Ta sha ludayi biyu ko uku, ta ce a ganinta kogin zai taho har kusa, ya sake ratsewa ta wani wuri. Sai babban birni ya aiko wa Sarkin Gada lambar girma, don a duk ƙasar gadarsa kaɗai ce ba a taɓa rasa rai a ruwanta ba. Na ce wanga ba ƙarshe ba ne, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya gudu. Ta ce shi ya sa har na tsufa ina birgima. Washegari ta ce ta sake tunani, ba haka zai yi ba, kuma wace ɗiya zai aura? Na kawo tawa, ta rushe. Kullum sai na zo da sabon ƙarshe, kullum sai ta ce, "Ba zai faɗi haka ba," kamar tare sunka yi wasan ƙasa. Gardama kuwa tana son ƙarfi. Tana ci don ta ƙaryata ni, ni kuma ina ƙara yin kuskure don ta ci, ko da yake ba duka kuskuren ne na gangan ba.

Kafin a fara sharar gona ta fito tsakar gida da ƙafarta. Don haka ga abin da na sani game da wanga ciwo. A kai mutum likita da wuri. A nisanta shi da maiƙo. A tace masu dubiya kamar yadda ake tace kunu. A samo abin da zai sa shi jiran gobe, ko da ba daga hannunka ya fito ba. Kuma boko ba ya wankuwa. Isuhu, da hanya ta buɗe bayan shekaru, ya ce shi ma bai taɓa kai ƙarshen ba, tare da ita yake jin labarin. Har yau Malam Mai Wanki yake ce mini.

Ranar da mata sunka taru yi mata barka, Inna ta riga ta gaya wa kowa ita ta zuba ruwan ƙwaryar a bakin ƙofa, shi ya kori ciwon. Wata tsohuwa ta ce, "Nomau, kai ka faɗa mana, yaya anka yi?" Duk sunka gyara zama, suna jiran in faɗi ƙasa.

Ban tashi ba. Na matse leɓe, na sunkuyar da kai, na ce, "Ba komai ba ne, Allah ne ya haɗa ta da miji mai zurfin ilimi. Ƙananan malamai karanta littafi suke yi, shafi shafi, abin tausayi. Shi kuwa bawan Allah, saboda himma, bai tsaya nan ba, sai da ya dama shi."

Matan sunka gyaɗa kai, wasu na cewa, "Allah shi biya." Sai Habsu ta zame daga kan turmi ta zauna dirshan, ta riƙe ciki, tana dukan ƙasa, hawaye na zuba, har Inna ta tashi za ta ɗebo ruwa.

Da kowa ya watse na matsa kusa da ita.

"Habsu, tsakaninki da Allah. Wagga ta yau, tawa ce ko tashi?"

Ta share ido da gefen zane. "Taka ce, Maigida."

Na ji kamar an naɗa ni sarauta.

"Amma da shi ya ba da labarinka," ta ce, "da sai an ɗauke ni."

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya saka wa lokotoro da malam da Inna da Akawu. Shi kuwa mai dogon hanci, na gode masa, ba ni da yadda zan yi. Roƙona ɗaya, ranar tsayuwa a tsai da shi nesa da wajen mata.